Kundin ƙaura: kuɗi, kaya da kwanakin da ke tsakani

3 ga Maris

Magana ta tabbata. Abban yara zai kama sabon aiki ranar 2 ga Yuni, a wani birni mai nisan sama da kilomita 900 daga inda muke. Mu huɗu ne, mu biyu da yara biyu, sai kayan da gida ya tara shekara da shekaru ba tare da kowa ya lura ba. Ni aikina riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa lissafinsu ta kwamfuta, duk inda akwai intanet nan ne ofishina, shi ya sa lissafin wannan tafiya ya faɗo kaina tun kafin a tambaye ni.

Ba zan rubuta adadin kuɗi a nan ba, domin kuɗin mota a wannan wuri ba shi ne na wancan ba, farashin yau kuma ba lallai ya kai wata uku ba. Duk abin da ƙaurar za ta ci na kira shi kashi 100. A wurinmu ya zo daidai da albashin wata huɗu, wato kowane kashi 25 albashin wata guda ke nan. Sabon gida shi ne babba: hayar da za a biya a gaba, kuɗin ajiyar da mai gida ke riƙewa, da la'adar dillali, sun kwashe 40. Mota da masu lodi da saukewa 22. Kwanakin da za mu riƙe gida biyu a lokaci ɗaya 8, makarantar yara 8, tafiyarmu mu kanmu da kwanan hanya 5, gyare-gyaren makon farko 5, kwalaye da salatif da igiya 2. Ragowar 10 na ko-ta-kwana ne.

Ta ɗaya ɓangaren, muna da 55 a ajiye. Za mu iya cire 8 daga albashin Maris, 8 daga na Afrilu. Na Mayu ba za a taɓa shi ba, don a farkon watan zai bar tsohon aikin, guntun albashi ne zai zo. Ina sa ran 7 daga kayan da za mu sayar, 10 daga kuɗin ajiyarmu da ke hannun mai wannan gidan, sai 15 da sabon wurin aikin ya ce zai mayar mana in an kai rasit. An tashi 103. Abban yara ya leƙa takardar ya ce, "To ai shi ke nan, har da rara." Na ce masa jimla ce ta yi rara, ita kuwa jimla ba ta san kwanan wata ba. Wannan sai na zauna da kalanda.

9 ga Maris

Tun shekaranjiya nake yawo da tef ɗin awo ɗaki-ɗaki. A tafiya mai nisa, abin da kamfani ke dubawa kafin ya yanka farashi shi ne nisan hanya da wurin da kaya za su ci a cikin mota, wasu kuma nauyi suke bi. Wanda bai san yawan kayansa ba, duk abin da aka faɗa masa shi zai karɓa.

Lissafin ba wuya: tsawo sau faɗi sau tsayi. Firjinmu santimita 180 ne a tsaye, faɗi 60, zurfi 65, ya ba da kubik mita 0.7. Doguwar kujerar falo, 210 da 90 da 85, ta ba da 1.6. Babbar katifa kusan 0.7. Matsakaicin kwali, 50 da 40 da 40, kubik mita 0.08 ne, sai an jera 12 zuwa 13 kafin a cika kubik mita ɗaya. Wadirof ɗin ɗakinmu shi kaɗai 2.4. Da na haɗa komai, har da kekunan yara da tarkacen sito, an tashi 31.

Don in ga girman abin da idona, na gwada shi da kwantena mai ƙafa 20, irin wadda ake gani a bayan tirela. Cikinta kusan kubik mita 33 ne, amma babu mai cika ta taf da kayan gida. Kujera tana da ƙafafu, fanka tana da wuya, duk lungun da ya rage tsakaninsu iska ce ake biya wa kuɗin mota. Ke nan 31 ɗinmu ba zai shiga mota mai wannan girman ba, sai wadda ta fi ta.

Daga nan na fitar da ma'aunin da zan yi aiki da shi. In 22 ne kuɗin ɗaukar kubik mita 31, kowane kubik mita yana cin kashi 0.7. Wadirof zai ci 1.7 kafin ya isa, ban da kuɗin kafintan da zai kwance shi da wanda zai sake haɗawa, ga shi kuma da irin katakon nan na matsattsen gari, wanda ramin kusarsa ke buɗewa da zarar an kwance. Duk wani kaya zan tambaye shi abu ɗaya: kuɗin motarka da abin da za a saye ka a nan, in an haɗa, sun kai a sayi madadinka a can? In sun kai, a nan za ka tsaya. Sai dai farashin mota hawa-hawa ne. Rage kubik mita biyu ba zai rage ko sisi ba muddin motar ba ta canja ba. Riba tana wurin saukowa daga babbar mota zuwa mai bi mata. Burina 25 ko ƙasa da haka.

18 ga Maris

Farashi ya fara shigowa, tsakanin mafi araha da mafi tsada kuwa an kusa ninki biyu. Mafi arahar ta waya aka ba ni shi. Mutumin ya tambayi ɗaki nawa ne, na faɗa, ya yanka. Na ajiye shi gefe. Farashin da aka yanka ba a ga kaya ba a bakin mota ake sake yanka shi, lokacin da rabin kayan mutum ke ciki, ba shi da bakin musu.

Wani kamfanin ya turo mutum har gida. Ya buɗe kabad, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya rubuta 30, kusa da nawa. Na ce, "Malam, wannan kuɗin da ka rubuta, me da me ke cikinsa, me kuma ba ya ciki?" Ya ce, "Malama, lodi da saukewa suna ciki, mai da kuɗin hanya suna ciki. Bene daga hawa na biyu zuwa sama daban ne. In mota ba ta iya kaiwa ƙofa ba aka yi dako mai nisa, daban ne. In muka iso babu makulli muka zauna zaman jira, awa-awa ake lissafawa." Na sa ya rubuta kowanne da kuɗinsa a ƙasan takardar. Da na koma na yi wa sauran wannan tambayar, tazarar ta tsuke sosai. Masu arahar cire waɗannan suka yi kawai daga takardar farko.

Akwai hanyar da ta fi sauƙi da gaske: a haɗa kayanka da na wasu a mota ɗaya, ko a samu motar da ta kawo kaya za ta koma wayam. Ragin ba kaɗan ba ne, amma ba za a ba ka ranar isowa ba, sai dai a ce tsakanin rana kaza da rana kaza. Ga mai zaman kansa da zai iya kwana a kan katifa guda har kaya su iso, ba laifi. Mu da yara biyu da aikina da ke jira, kowace ranar jira kuɗin masauki ce, za ta cinye ragin. Na bar ta.

Mun tsayar da rana: Laraba, 14 ga Mayu. Ƙarshen wata ne yawancin haya ke ƙarewa, ƙarshen mako ne mutane ke samun sarari, saboda haka a lokacin motoci ke ƙaranci, farashi ya hau. Tsakiyar mako a tsakiyar wata babu mai rububinta.

Wani ya yi mini alkawarin a yi lodi yau, gobe da safe kaya suna can. Babbar mota mai lodi, in ta yi kilomita 55 a awa a kan matsakaici, tana bukatar awa 16 zuwa 17 na zallar tuƙi. Dokar Tarayyar Turai ta 2006 ta ƙayyade wa direban babbar mota awa 9 a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Ko inda wannan doka ba ta aiki, jikin ɗan Adam ɗaya ne. Direba guda da zai kai kayan nan cikin dare ɗaya bai yi barci ba ke nan, ni kuwa ban ga abin sauri ba.

27 ga Maris

Yau na yi aikin da na fi ɗauka da muhimmanci a duk shirin nan. Kowane layi na kasafin na ba shi ranarsa, ranar da kuɗin zai fita ko ranar da zai shigo, na jera su bi da bi, ina cirewa ina ƙarawa, don in ga abin da zai rage a hannu a kowane mako.

Ga abin da ya fito. Daga yanzu zuwa makon farko a sabon gida, 90 zai fita. Abin da zai kasance ya shigo zuwa lokacin 78 ne kacal: 55 na ajiya, 16 na albashi, 7 na sayar da kaya. Ragowar 25 kuɗinmu ne ba shakka, amma yana hannun wasu. Mai wannan gidan yarjejeniya ta ba shi kwana 30 bayan ƙarewar haya kafin ya mayar da kuɗin ajiya, sabon wurin aiki kuma sai da albashin farko zai biya, ƙarshen Yuni. Wato a tsakiyar Mayu akwai giɓin 12, kuma 10 ɗin nan na ko-ta-kwana a takarda kawai yake, babu shi a ko'ina. Kasafin da ya yi rarar 3 a jimla shi ne wannan. Na sha ganin irin haka a littafin 'yan kasuwar da nake yi wa aiki: ciniki na tafiya, riba na nan a rubuce, amma ranar biyan ma'aikata aljihu wayam, saboda masu bashi ba su kawo ba tukuna.

Hanyar toshe giɓi uku ce: a ci bashi, a rage kashewa, ko a matsar da ranaku. Bashi shi ne na ƙarshe a wurina, don ba kyauta ake ba da shi ba, kuma wanda ya sauka baƙon gari da bashi a wuya ya fara da ƙafar hagu. Matsar da rana kuwa sau da yawa tambaya kawai take bukata. Zan nemi sabon mai gida ya raba biyan kuɗinsa biyu, ya kuma ja ranar fara haya. Zan nemi makaranta ta raba nata. Mota kuma a sauko zuwa ƙarama.

Mutane kan ɓata mako guda suna ciniki da mai mota a kan kashi ɗaya ko biyu, su bar kashi takwas yana zurarewa a hayar gidan da babu kowa a ciki. Duk da haka ba zan so kwanakin riƙe gida biyu su koma babu ba. Wanda hayarsa ta ƙare ranar da mota za ta zo, in motar ta lalace a hanya a titi zai kwana da kayansa. 'Yan kwanaki a tsakani dole ne, wata cur ne ɓarna.

Na miƙa wa mai gidan nan takardar sanarwar tashi yau, na karɓi kwafi mai sa hannunsa. Yarjejeniyarmu ta ce wata biyu cikakku, ana ƙirgawa daga ɗaya ga wata. Da ta kai 2 ga Afrilu, da hayar Yuni ma ta hau kanmu. Yanzu za ta ƙare 31 ga Mayu.

5 ga Afrilu

Abban yara yana can, ya je ganin gidajen da dillali ya turo hotunansu. Na haɗa shi da tef da 'yar takarda: faɗin ƙofar shiga, faɗin ƙofar kicin, kwanar matakala, inda injin wanki zai zauna da ko akwai famfo da magudana kusa, sai faɗin layin tun daga babban titi. Gidan da ya fi kyau a hoto ƙofar kicin ɗinsa santimita 58 ce, firjinmu kuwa 60. Wanda muka tsaya a kai hawa na farko ne, layinsa babbar mota za ta shiga ta juya, ya kuma gwada ƙarfin intanet a ɗakin da zan yi ofis.

Mai gidan dattijo ne. Da dare Abban yara ya kira ya ba ni labari: "Na ce masa, Baba, kuɗin nan akwai shi, amma kashi ɗaya cikin huɗu sai ƙarshen Yuni zai shigo hannuna. Na nuna masa takardar kama aiki. Ya yi shiru, ya ce ba komai." Ya yarda 10 daga cikin 40 ya jira zuwa 30 ga Yuni, haya kuma ta fara 10 ga Mayu maimakon 1 ga wata. Hayar gida biyu ta sauko daga 8 zuwa 5 da rabi. Na ce, "Abban yara, don Allah kada ka baro garin nan sai an rubuta an sa hannu." An rubuta.

13 ga Afrilu

Sayar da kaya ya fi duk abin da muka yi zuwa yanzu cin rai. Mai saye ya zo ya ƙare wa kujerarka kallo, ya taɓa inda ta goge, ya taya ta da sulusin abin da ke ranka. Abban yara har ya yi fushi a kan teburinsa na karatu, ya ce gara ya ƙona shi. Na bar shi ya huce. Abin da ke damunsa sananne ne. Masanin tattalin arziki Richard Thaler ya yi rubutu a kansa tun 1980: mutum yana ɗaga darajar abu don kawai nasa ne. A wani gwaji da shi da Daniel Kahneman da Jack Knetsch suka wallafa a 1990, waɗanda aka ba kofin shan shayi kyauta sun nemi kusan ninki biyu na abin da masu saye suka yarda su biya. Kofin da bai yi awa guda a hannunsu ba ke nan, balle teburin shekara goma. Mai saye ba tarihin teburin yake saye ba.

Dalilin da ya sa na fara tun yanzu: masu sayen kayan hannu sun san mai tashi, sun san kullum rana na matsowa farashinsa na faɗuwa. Manyan kaya suka fara fita. Waɗanda muke amfani da su har yanzu, irin gadon yara, na karɓi kafin alƙalami, aka sa ranar ɗauka 13 ga Mayu. Wadirof babu wanda ya taya shi da abin kirki, na kira Yaya na ce, "Yaya, ki turo a ɗauka, in kin bar mini shi ni zan biya masa kuɗin mota." Ta yi dariya ta turo.

An samu 5 maimakon 7 da na sa rai. Amma kaya sun sauko zuwa kubik mita 24, wannan ya fi mini kuɗin. Abu ɗaya ne ma'auni ya ce a bari na ƙi: keken ɗinkin mahaifiyata, mai ƙafar ƙarfe, nauyi kamar me. Ban ma sa shi a lissafi ba.

19 ga Afrilu

Makon takardu. Takardar canjin makaranta da sakamakon yara, katin rigakafi, bayanin asibiti, maganin da ƙaramin ke sha na wata guda gaba, canjin adireshi a banki. Sabuwar makaranta ta yarda da rabi yanzu, rabi ƙarshen Yuni. Masu haɗa intanet a can sun ce layi ake bi, na sa suna tun yau.

26 ga Afrilu

An sa hannu da kamfanin da ya turo mutum gida. Ya dawo ya sake awo, muka sauko zuwa ƙaramar mota, 22 ya koma 18. Kaɗan na biya yanzu, rabi ranar lodi, ciko sai an sauke na ƙirga. Duk wanda ya ce a biya shi duka kafin mota ta tashi, ya ɗauke wa kansa dalilin kula da kayanka.

Inda na daɗe shi ne shafin diyya. Abin da kamfanoni da yawa ke kira "muna da inshora" biyan diyya ne gwargwadon nauyi, ba gwargwadon daraja ba. Talabijin mai kilo 12 in ta fashe, abin da za a ba ka daidai yake da na kilo 12 na tsofaffin tukwane. In kana son a biya ainihin darajar kaya, sai ka rubuta jerinsu da ƙimar kowanne, ka biya ƙari. Na biya, ya ci kashi 1. Sharuɗɗa biyu na ja wa layi. Kwalin da ka ɗaure da hannunka, in abin ciki ya fashe alhali kwalin bai nuna alamar duka ba, babu diyya. Kuma a tamu yarjejeniyar kwana 7 ne kawai na kai ƙorafi a rubuce. Saboda haka talabijin, madubi da allon kwamfuta su za su ɗaure da kansu.

Sabon lissafi: zuwa ƙarshen Mayu 76 zai shigo, 70 da rabi zai fita. Giɓin 12 ya koma rarar 5 da rabi, ba a ci bashin kowa ba. Wannan ne ko-ta-kwana na gaskiya, wanda ke cikin asusu.

4 ga Mayu

Ɗaure kaya. Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa mutum kan ƙiyasta aikinsa zai ƙare da wuri fiye da yadda yake ƙarewa, ko da ya taɓa yin irinsa. Saboda haka lokacin da raina ya ce zai isa, ninka shi na yi, na fara da abin da ba a taɓawa kullum. Kicin ne zai zo ƙarshe, kuma shi ne mai cin lokaci, don komai nasa ƙarami ne mai fashewa.

Littattafai sai da na hana Abban yara zuba su a manyan kwalaye. Bandir ɗin farar takarda mai 500, irin ta ofis, kilo biyu da rabi ne, girmansa kuma bai wuce lita uku da ɗan wani abu ba. Kwalinmu na 50 da 40 da 40 lita 80 ne. A cika shi da takarda ya haura kilo 60, ko gindinsa ya ɓalle ko bayan mai ɗauka. Ƙaramin kwali, 30 da 30 da 25, yana tsayawa wajen kilo 18. Mai nauyi a ƙaramin kwali, mara nauyi a babba, kada kowanne ya wuce kilo 20.

Faranti a tsaye ake jera su, ba a kwance ba, da tawul da zannuwan gado a tsakani, an rage kuɗin takardar naɗi ke nan. Lamba da sunan ɗaki a gefen kwali nake rubutawa, don in an ɗora wani a kai saman ya ɓace. Abin da ke cikin kowace lamba yana wayata. Duk abin da aka kwance, kusoshinsa da notinsa suna cikin 'yar leda manne a jikinsa. Bayan talabijin da kwamfuta na ɗauki hoto kafin a zare wayoyi.

12 ga Mayu

Abban yara ya wuce tun shekaranjiya, ya karɓi makulli, ya sa an wanke gidan, ya ɗauki hoton mitar wuta da ta ruwa da duk wani tabo da ya tarar a bango. Mutum ɗaya a can, mutum ɗaya a nan, don kada mota ta isa ta yi zaman jira.

Gobe da safe zan kashe firji, ya samu kwana guda ƙanƙara ta narke ya bushe. A tsaye zai yi tafiya, in ya isa kuma sai ya huta awanni kafin a kunna, domin man da ke cikin kwampreso, wato injin da ke sanyaya shi, kan gangara cikin bututu in an jijjiga shi ko an kwantar. Injin wanki irin mai ƙofa a gaba ne, gangarsa a rataye take da sifirin. Akwai dogayen kusoshin da ya zo da su don ɗaure ta a tafiya, na same su a ledar takardunsa na mayar. Tukunyar gas, fenti da sauran abin da ke kamawa da wuta kamfani ya ce ba ya ɗauka, na bar wa maƙwabta.

Jaka biyu ba za su shiga motar kaya ba ko da wasa: ta takardu da kwamfutar aiki da magani da caja, da ta kwanan farko, mai zanin gado, kayan sawa, sabulu, tocila, wuƙar yanka salatif da sukurudireba.

14 ga Mayu, da dare

An yi lodi. Na tsaya a ƙofa da jerin lambobi, duk kwalin da ya fita na yi masa alama, ƙanena kuma yana bakin mota yana kallon yadda ake jerawa. Masu nauyi suka fara shiga, can jikin kan mota, katifu a tsaye a gefe, aka ɗaure kowane sahu da igiya kafin a fara na gaba. Babban masu lodin ya so ya kwantar da firji don a samu wuri. Na ce, "Malam, yi haƙuri, wannan a tsaye zai tafi." Ya ce, "Malama, mun saba." Na nuna masa inda aka rubuta a yarjejeniya, ya ɗaga kafaɗa ya tsayar da shi. Wurin ya isa, har da ɗan saura.

Kafin magariba wakilin mai gida ya zo muka zagaya tare. Bangon ɗakin yara ya ce sai an yi fenti, za a cire 1 da rabi daga kuɗin ajiya. Ban yi musu ba, zanen nasu yana nan ɓaro-ɓaro. Muka rubuta abin da muka gani da lambar mita, kowa ya sa hannu, na ba da makulli. Muna gidan Yaya, da asuba ƙanena zai tuƙa mu.

17 ga Mayu

Mun iso jiya da hantsi bayan kwana a hanya, motar kaya ta iso bayan azahar. Layin da Abban yara ya auna a Afrilu an haƙe bakinsa ana sa bututun ruwa, mota ta tsaya a babban titi. Dole aka nemo ƙaramar mota tana jigila, aiki ya kai dare. Ya ci kashi 2, daidai abin da aka rubuta tun 18 ga Maris, don haka babu cacar baki a bakin titi.

Lambobi sun cika. Ƙafar teburin cin abinci ta tsage. Na rubuta a takardar karɓar kaya kafin in sa hannu, na ɗauki hoto, yau na tura ƙorafi. Kofuna biyu sun fashe a kwalin da na ɗaure da kaina, waɗannan nawa ne. Firji sai da safen nan aka kunna shi, yana aiki.

8 ga Yuni

Abban yara ya kama aiki, yara sun shiga makaranta, an haɗa intanet a makon da muka iso. Gyare-gyaren farko sun ci 6 maimakon 5: canjin makullai, labule saboda tagogin nan sun fi na can tsawo, da mai famfon da ya haɗa injin wanki. Kamfani ya turo kafinta ya duba teburin, sun ce za su canja ƙafar.

Ga inda lissafi yake. Duk ƙaurar za ta tsaya a 87 da rabi, ban da 1 da rabi na fenti. An biya 73 da rabi, saura 2 da rabi a hannu. Cefane da sauran hidimar wannan wata daga guntun albashin Mayu da abin da aikina ke kawowa suke fita, ba su shiga nan ba. Ranar 30 ga Yuni ana bin mu 14: 10 na Baba mai gida, 4 na makaranta. Abin da muke jira 8 da rabi ne daga tsohon gida, da 15 daga wurin aiki.

In na tsohon gida kaɗai ya iso kafin ranar, muna da 11, bai kai ba. In na wurin aiki kaɗai ya iso, muna da 17 da rabi, ya kai. Ke nan komai ya rataya a kan 15 ɗin, su kuma sun ce duk rasit ɗin da bai shiga ba zuwa 12 ga wata sai albashin Yuli, kuma a dunƙule suke karɓa, ba ɗaya-ɗaya ba. Duka suna hannu in ban da na ƙaramar motar jigila, wanda direba ya rubuta da biro a guntun takarda babu hatimi. Kamfani ya ce zai turo na gaske ta imel. In bai iso ba zuwa jibi, Abban yara zai miƙa sauran ba tare da shi ba, mu haƙura da kashi 2 ɗin.